Ƙaramin Imani

Mu dai ba ma'abota kallon fim ba ne. Amma ran nan bayan isha'i, ɗanmu na uku ya same mu a shago ya ce, "Baba, don Allah ku kalli wannan." Tsohon fim ne na yaren Rasha a waya, yana karanta mana fassarar da ke ƙasa. Sunansa Malenkaya Vera, ya fito a 1988, Vasili Pichul ne ya ba da umarni. Gaskiya ba na kallo da iyali ba ne, akwai wuraren da muka sa ya tsallake.

Labarin wata yarinya ne, Vera, a Zhdanov, garin masana'antun ƙarfe da yau ake kira Mariupol. Ta gama sakandare, ba karatu ba sana'a, sai yawon dare. Uban direban babbar mota ne, mashayi. Uwar kuwa kullum gajiya da faɗa. Vera ta kawo saurayinta Sergei ya tare a gidan, shi da uban ba sa ga maciji. Wata rana cikin maye uban ya daɓa masa wuƙa. Sai iyayen suka matsa mata ta yi wa hukuma ƙarya don kada a ɗaure uban. Abin ya ci ta har ta sha ƙwayoyi za ta kashe kanta, yayanta likita ya ceto ta. A ƙarshe uban ya faɗi shi kaɗai a kicin.

Yaron ya ce da Rashanci Vera na nufin imani, wato sunan fim ɗin Ƙaramin Imani. Shekara uku bayan fitowarsa, a 1991, Tarayyar Sobiyet ta rushe.

To, abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a gidan nan akwai abinci, akwai sutura, akwai tsawa, amma ba wanda ya taɓa zama ya ji ta bakin yarinyar. Mu kuma sau nawa muka yi wa'azi a kan samarin da ke zaman banza a bakin tasha, alhali daga asuba muke fita sai dare?

Da aka gama muka tambaye shi me ya sa ya kawo mana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Shekararsa biyu ke nan da gama sakandare yana zaune.

Washegari ba mu buɗe shago ba sai hantsi. Muka zauna da shi a zaure, muka ce ya yi magana, muna ji. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya shirye mu tare da su.