Hoton Kakana Da Ruwan Alau

Duk wanda ke Maiduguri ran 10 ga watan Satumba, 2024, ba ya bukatar a ba shi labarin ruwan Alau. Madatsar ta ɓalle da dare, kogin Ngadda ya cika ya batse, kafin gari ya waye ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday, har ƙofar fadar Shehu. Tsofaffi suka ce rabonsu da ganin irinsa tun 1994. Mu dai mun tsira da ranmu da tufafin jikinmu, mun kuwa gode Allah, gama akwai waɗanda ba su sami haka ba.

Da ruwa ya janye muka koma gida, sai Mama ta wuce kai tsaye wurin wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai hoton mahaifinta yana tsaye tare da 'yan ajinsa. Malamin makaranta ne, a Waka kusa da Biu ya koyi aikin. Ya rasu tun ba a haife ni ba, hotonsa kuwa ke nan guda ɗaya tak a duniya. Laka ta ɓata shi, ruwa ya cinye gefen fuskar. Mama ba ta yi kukan katifa ba, ba ta yi kukan keken ɗinkinta ba, amma a kan wannan 'yar takarda ta zauna ta yi hawaye.

Na shanya hoton a inuwa, na sa shi cikin littafi. Da aka koma kwaleji sai wani abokina ya ce zai sa mini manhajar nan mai tsada ta masu gidan hoto, wadda ake biya wata wata, amma tasa ta bayan fage ce. Na je na yi shawara da malaminmu na kwamfuta. Ya dube ni ya ce, "Kai da za ka hana yara satar alli, da kayan sata za ka fara? Zo ka gani."

Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta wadda kowa ya raina, ya kunna. Ashe Linux ke cikinta. Ya ce wani ɗalibi ne a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Sa'an nan ya buɗe mini GIMP, watau manhajar gyaran hoto, wadda ita ma ɗalibai biyu ne na jami'ar Berkeley a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba kuɗi kaɗai aka yafe ba. An yarda kowa ya yi aiki da ita, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma ba maƙwabcinsa, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Na ce a raina, kai, ashe ɗalibi ma yana iya barin abin da duniya za ta ci moriya.

Muka ɗora hoton a kan sikana, muka ɗauke shi da ɗigo 600 a kowane inci, don kada ƙananan abubuwa su ɓace. Malam ya kafa mini doka ɗaya. Ya ce in ajiye wannan na farko yadda yake da lakarsa, kada in taɓa shi har abada, in yi aiki a kan kwafi. Ya nuna mini yadda ake ɗora gyara bisa hoto shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar takarda shara-shara, in ka yi kuskure ka yaye ta sama, ta ƙasa tana nan lafiya. Akwai alƙalami mai ɗebo launi daga wuri mai kyau ya rufe tabo, akwai kuma mai saje gyaran da abin da ke kewaye da shi.

Mako uku ina wannan aiki bayan an tashi daga aji. Bangon makaranta ya fito, allo ya fito, har rubutun da ke kansa. Yara suka fito ɗaya bayan ɗaya. Saura gefen fuskar Kaka na hagu, inda ruwa bai bar komi ba. To, a nan ne wayo ya zo mini. Na kwafi gefen dama, na juya shi, na manna a hagu, na saje. Fuska ta cika sumul. Na buga a takarda, na nufi gida ina jin ba kamata.

Mama ta karɓa ta daɗe tana dubawa. Can sai ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, ka yi ƙoƙari, amma wannan ba Babana ba ne. Ina tabon da ke ƙarƙashin idonsa na hagu, wanda reshe ya ji masa yana yaro? Wannan wani baƙo ne ka kawo mini." Jikina ya yi sanyi. Garin neman gira na rasa ido.

Kashegari na yaye shimfiɗar nan ta ƙarya, na bar wurin fari yadda ruwa ya bar shi. Da na kai mata wannan, sai ta sa yatsa a kan farin wurin ta ce, "A nan tabon yake." Shi ne yanzu ke rataye a ɗakinta.

Daga nan na gane bambancin gyara da ƙari. Cire laka gyara ne, gama lakar ba ta cikin hoton tun asali. Amma ƙirƙiro abin da ban gani ba ƙarya ce, ko da niyyata ta alheri ce. Tun da ni ɗan koyo na iya yin fuskar da ba a taɓa halitta ba, ina ga gwani mai mugun nufi? Wajibi ne mu malaman gobe mu koya wa yara cewa gani ya kori ji, amma a zamanin nan hoto ma sai an tambayi asalinsa.

Sauran hotunan gidanmu na zuba su cikin digiKam, manhajar da ke tsara hotuna. Na zauna da Mama tana faɗa ina rubuta sunan kowa da gari da shekara, gama hoton da ba a san mai shi ba ya zama takarda kawai. Na aika wa kawuna kwafi a Biu, don kada ƙwanmu ya sake taruwa a kwando ɗaya. A lokacin gwajin koyarwa kuma da Inkscape na zana taswirar Borno da Tafkin Chadi, wadda komi girman da aka buga ta ba ta dushewa.

'Yan'uwana ɗalibai, kowannenmu akwai irin akwatin nan a gidansu. Kada ku jira sai ruwa ko gara ta riga ku. Tsohuwar kwamfutar tana nan a ɗakin Malam, manhajar kuwa ba ta neman ko kwabo. Ku zo da hotunan, ku zo da sunayen tun masu sanin su suna da rai. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan ruwa, amin.