Magaribar Bumardas

A Cadawa abin da muka sani yana rushe gida shi ne ruwan sama. Idan damina ta yi nauyi a watan Agusta, katangar laka ta jiƙa ta zube, maigida ya jira rani ya kwaɓa ƙasa ya ta da wata. Gidan siminti kuwa, a ganinmu, ya yi sallama da faɗuwa har abada. Da wannan tunanin na tafi karatu Aljeriya, garin Bumardas da ke bakin teku.

Ranar Laraba 21 ga Mayu 2003, ƙarfe 7:44 na yamma, ana dab da kiran magariba, ina tsugune ina alwala a tsakar gida. Rugugi na fara ji ta ƙarƙashin ƙafata, kamar tirela ta taho a guje. Buta ta kife. Na miƙe, ƙasa ta mayar da ni zaune. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Da muka fito titi, ƙura ta rufe gari, benayen unguwar gidaje 1200 da muke wucewa kullum wasu sun durƙushe, hawa ya danne hawa. Wani bene gabansa kaɗai ya zube, firji na tsaye a hawa na uku, labule na kaɗawa.

Da hannu aka yi tonon daren nan. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru, kowa ya tsaya cak, a kasa kunne ko za a ji nishi a ƙarƙashi. Daga baya aka ce ƙarfin girgizar ƙasar maki 6.8 ne, cibiyarta kusa da Zemmuri. Mutum fiye da 2,200 suka rasu, sama da 10,000 suka jikkata.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne guntun ginshiƙin da na ɗauka washegari, na murza shi ya marmashe a tafina. Yashi ya yi yawa, rodi ya yi kaɗan, ƙasan benen kuma an buɗe shi an yi shaguna, an bar siraran ginshiƙai da nauyin gidaje. Ajali na Allah ne, amma wanda ya rage buhun siminti yana da amsar da zai bayar. Shi ya sa idan na ga ana zuba dakin a Maraɗi, sai na tsaya na dubi rodin.

Girgizar ta tsinke wayoyin ƙarƙashin teku, layi ya ƙi shiga. Baba ya ji labarin a BBC, ya dinga hawa mota zuwa Maraɗi yana zaman jira a gidan waya. Ranar da layi ya shiga na ce, "Baba, ni ne."

"Da ƙafafunka kake tsaye?"

"Da su nake tsaye, Baba."

"Alhamdu lillahi. Bari in koma gida da wuri, innarka ta ƙi cin abinci tun ran Alhamis."