Layin da Ya Ce Juma'a Ba Ranar Aiki Ba Ce

A wani ofishi mai ɗaki biyu a Barnawa, kudu da Kogin Kaduna, wata matashiya mai rubuta manhaja ta shafe kwana tara a kan aikin da, in ya yi kyau, babu wanda zai gane an yi shi. Ba ta ƙara wa manhajar ko maɓalli ɗaya ba, ba ta sauya launin ko shafi ɗaya ba. Abin da take nema shi ne a wayi gari ranar Litinin kowa ya buɗe kwamfutarsa ya tarar da komai kamar yadda ya bari ranar Juma'a.

Kamfanin da take wa aiki ƙarami ne. Yana rubuta manhajoji wa makarantu masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci, da wasu ofisoshin gwamnati. Kamar kowane irinsa, yana da rajistar kurakurai, wato wani shafin intanet na cikin gida inda ake shigar da duk matsalar da abokin ciniki ya kawo. Kowane ƙorafi yana samun lamba, da sunan wanda aka ɗora wa gyara, da wa'adin da dole a amsa. Turawa kan kira irin wannan kuskure ƙwaro, kuma har yau ana ba da labarin wani ƙwaron fitila da aka ciro daga cikin kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard a 1947 aka liƙa a littafin aiki, ko da yake kalmar ta girmi wannan lamari. Rajistar ita ce ƙwaƙwalwar kamfanin. Abin da bai shiga cikinta ba, tamkar bai faru ba ne.

Ɓangaren da matashiyar ta taɓa shi ne saiti. Duk wanda ya taɓa kai masara injin niƙa ya san bambancin: inji ɗaya ne, amma mai niƙa na iya ƙara matse shi ya fitar da gari mai laushi, ko ya sassauta ya ba da tsaki. Haka manhaja take. Akwai rubutun da ke yin aikin, akwai kuma ƙananan umarni da ke gaya masa yadda zai yi: adireshin rumbun bayanai, sa'o'i nawa ne wa'adin ƙorafi mai gaggawa, wa za a aika wa saƙo idan wa'adi ya wuce, waɗanne ranaku ne na aiki. A ƙa'ida, wuri ɗaya ake tara su. A wannan rajista kuwa, sun warwatsu a wuri huɗu. Wasu na cikin fayil ɗin saiti, wasu na cikin rumbun bayanai, wasu an ajiye su a kan uwar garken da ke ɗauke da shafin, wasu kuma an cusa su a tsakiyar rubutun manhajar, inda sai mai tono ne zai gan su. Sau da yawa abu ɗaya na rubuce a wuri biyu da ƙima daban-daban, kuma babu takardar da ta ce wanne ne ke rinjaye.

Haruffan Hausa ne suka tona asirin. Wata makaranta ta aiko da ƙorafi cewa sakamakon wasu ɗalibai yana fita ba daidai ba. Wanda ya rubuta ƙorafin ya yi amfani da harafi mai lanƙwasa, sai rajistar ta adana kalmar a matsayin "?alibai". Dalili kuwa, an faɗa wa manhajar tsarin haruffan da za ta bi a wuri biyu. Wuri ɗaya ya ce UTF-8, tsarin da ya san ƙ da ɗ da ɓ. Ɗayan ya ce Latin-1, tsohon tsarin da aka tsara don harsunan yammacin Turai, wanda ba shi da gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Da shugaban makarantar ya kira yana tambaya, aka binciki kalmar a rajista ba a same ta ba, aka ce masa ƙorafi bai iso ba. Ya iso, yana nan kwance, ga ranar raba sakamako ta matso. Makarantar ta kusa janye kwangilarta. Da aka gyara wurin farko cikin gaggawa, sai saƙonnin imel da rajistar ke aikawa suka fara fita da shirme, domin su daga wuri na biyun suke karanta umarni.

A nan ne ta je wurin mai kamfanin. "Oga, a ba ni mako biyu kada a ɗora mini komai," in ji ta. Ya tambaye ta me abokan ciniki za su gani a ƙarshen makonni biyun. Ta ce ba komai.

Ba daidai ba ne a ɗauki mutumin nan a matsayin wanda bai san ciwon kansa ba. Shi ke biyan albashi, shi ke sayen man janareta da kuɗin data, kuma babu makarantar da ta taɓa biyan ko sisi don an share cikin manhajar da ba ta gani. Sai dai akwai lissafin da ba ya fitowa a littafin kuɗi. A 1992 wani masanin manhaja ɗan Amurka, Ward Cunningham, ya kwatanta irin wannan hali da bashi. Duk lokacin da aka bi gajeriyar hanya don a cika alkawari da wuri, an ci bashi ne, kuma ana biyan kuɗin ruwansa da lokacin da kowane gyara na gaba zai ƙara ci. Gyaran da ya kamata ya ɗauki rabin sa'a a wannan ofishi ya koma cin yini guda, saboda sai an leƙa wuri huɗu kafin a taɓa ɗaya. Da wannan hujja ta samu kwana tara maimakon sha huɗu.

Wani abokin aikinta ya kawo shawarar da ke zuwa bakin kowane matashin mai rubuta manhaja: a zubar da tsohuwar gaba ɗaya a rubuta sabuwa. Tarihin rajistar kurakurai kansa yana da amsa a kan wannan. A 1998 kamfanin Netscape ya yanke shawarar ajiye tsohon rubutun manhajarsa ta shiga intanet ya fara daga tushe, kuma sabon samfurin bai fito ba sai ƙarshen 2000, lokacin da Microsoft ya riga ya cinye kasuwar. A cikin wannan shekarar ta 1998 ce aka saki Bugzilla, rajistar kurakuran da Terry Weissman ya rubuta wa aikin Mozilla. Ita ma ta tara nata tarkacen, musamman wani fayil mai suna globals.pl wanda kusan kowane sashe ke jingina da shi. Masu kula da ita ba su rushe ta ba. Sun yi shekaru suna kwashe kayan fayil ɗin kaɗan-kaɗan zuwa wuraren da suka dace, rajistar na ci gaba da aiki, har samfuri na 3.0 ya fito a 2007 babu shi kwata-kwata. Wannan hanya ce Martin Fowler ya yi wa littafi guda a 1999: a sake fasalin ciki ba tare da an sauya halin waje ba, taki ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa bayan kowane taki.

Haka ta yi. Kwana biyun farko ba ta gyara komai ba, sai lissafi. Ta jera kowane saiti, inda yake, da ƙimar da manhajar ke amfani da ita a zahiri, ta adana wannan jerin ya zama ma'auni. Sannan ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana mayarwa fayil guda, tana kwatanta sakamako da ma'aunin. A hanya ta tarar da kalmar sirrin rumbun bayanai a rubuce a fili, inda duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin zai iya karantawa, alhali rumbun na ɗauke da sunayen yara da na marasa lafiya, kuma tun 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Ta fitar da ita, ta sauya ta.

A rana ta shida ta ci karo da layin Juma'a. Can cikin sashen da ke ƙirga wa'adi, wani ya rubuta cewa idan ƙorafi ya fito daga wasu abokan ciniki uku, kada a lissafa Juma'a cikin ranakun aiki. Babu bayani, babu kwanan wata a gefensa. Ga dukkan alamu kuskure ne, ko ragowar wani gwaji da aka manta. Ta goge shi, kuma duk gwaje-gwajenta suka wuce lafiya, domin babu wanda ya taɓa rubuta gwaji a kansa. Abin da ya tsayar da ita kawai shi ne lura da cewa abokan cinikin ukun duk ofisoshin gwamnatin jiha ne.

Wanda ya rubuta rajistar tun farko ya bar ƙasar, yana aiki a Ingila. Ta aika masa saƙon murya: "Yaya, don Allah ka tuna abin da ya sa ka cire Juma'a?" Sai da ya kwana kafin ya tuno. A watan Disamba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta fara mayar da ma'aikatanta tsarin kwana huɗu a ofis a mako. Daga nan duk gyaran da ke buƙatar amincewar wani jami'i, in ya faɗo ranar Juma'a, ba a samun kowa a kujera, rajistar kuma sai ta yi ta nuna cewa kamfanin ya saɓa wa'adi. Layi ɗaya ya rubuta a wani dare ya rufe ɓarakar, da niyyar zai dawo ya tsara shi. Bai dawo ba.

Da ta koma da wannan ido, sai ta ga fayilolin cike suke da tarihin garin. Akwai wani makunni da ke dakatar da ƙirgen wa'adi baki ɗaya, wanda aka ƙara a watan Oktoba na 2018 lokacin da aka sa dokar hana fita ta sa'a 24 a cikin Kaduna, aka kasa tsallaka gada zuwa wurin abokan ciniki. Akwai wani adadi da ya sa manhajar ta yi ta sake ƙoƙarin aika saƙon tes na tsawon kwanaki, abin da ba shi da ma'ana sai ga wanda ya tuna cewa daga ƙarshen Satumba na 2021 an katse layukan waya a wasu sassan jihar har kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. Kowane layi da ya yi kama da wauta, amsa ce ga wata rana da wani ya sha wahala. Da an bi shawarar rushewa, da duk sun tafi tare da shara, kuma da ba za a san an yi asara ba sai ranar da aka sake buƙatarsu.

Amma barin komai a inda yake don tsoro shi ma ba mafita ba ne, kuma a nan ne aikin yake da wuya. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. Wani tsohon makunni ne da aka daina amfani da shi ba a cire rubutun da ke bayansa ba, sai aka sake ba shi sabon aiki. Daga cikin uwayen garke takwas, ɗaya bai samu sabon rubutun ba, makunnin ya tayar da tsohon umarnin da ya yi shekaru yana barci. Wanda ya goge abin da bai fahimta ba yana cikin haɗari, wanda ya bar abin da bai fahimta ba shi ma haka. Abin da ya rage shi ne a zauna a fahimta, kuma wannan ne ainihin abin da kwana taran suka saya.

Mutanen wannan ɓangare na gari ba baƙin irin wannan aiki ba ne. A Kakuri, tafiyar 'yan mintoci daga Barnawa, masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Duk gidan da ya ci abinci daga waɗannan masana'antu ya san akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne shafa mai da ɗaure noti a lokacin da injuna ke hutawa, waɗanda ba a jin sunansu sai ranar da wani abu ya tsaya. Yau matasa na koyon rubuta manhaja a wurare irin su CoLab, cibiyar da aka buɗe a Barnawa a 2016, kuma abin alfahari ne. Sai dai duniyar fasaha gaba ɗayanta ta fi son sabon abu: gasa da kyauta da hoto duk na wanda ya ƙirƙira ne. Yawancin rayuwar mai rubuta manhaja kuwa a cikin rubutun wani take ƙarewa, wanda sau da yawa ya riga ya yi nisa.

Ta mayar da layin Juma'a, amma ba yadda ta same shi ba. Yanzu kowane abokin ciniki yana da jerin ranakun aikinsa a fayil ɗin saiti, inda ko mai karɓar waya zai iya sauyawa idan tsarin gwamnati ya sauya. A samansa ta rubuta layi uku na bayani: abin da yake yi, watan da aka sa shi, da dalili. Makunnin dokar hana fita ma ta bar shi, ta ba shi suna mai ma'ana. Wasu saituna goma sha ɗaya da ta tabbatar babu abin da ke karanta su, ta cire su tare da rubutun da ke bayansu.

Daren Asabar ta ɗora sabon tsarin, tana kallon batirin inbata saboda an ɗauke wuta tun la'asar. Ranar Litinin mai kamfanin ya shigo ya buɗe rajista, ya duba sama ya duba ƙasa, ya tambaya ko an fasa aikin ne. Kafin ta amsa, sabon ƙorafi ya shigo daga wani asibiti a Sabon Tasha, cewa takardar biyan kuɗi ba ta fita a ɗakin haihuwa. Kalmar ɗaki ta fito da lanƙwasarta. Ta ɗora wa kanta ƙorafin, ta jawo kujera.