Maganar da Ba Mu Faɗa Ba



Makon jiya wani ɗan jarida ya same mu a ofishin ƙungiya nan Sabo, yana son jin ta bakin shugabanmu kan rajistar katin zaɓe. Shugaba ya yi bayani da Hausa, wani yaronmu yana fassarawa. Abin da ya ce bai wuce cewa mu ma 'yan Ibadan ne, a nan aka haifi da yawanmu, don haka kowa ya fita ya yi rajista kada a yi zaɓe ba da mu ba. Washegari sai ga labarin a intanet, kanunsa na cewa Hausawa sun yi gargaɗi ba za a yi zaɓe a Ibadan ba sai da yardarsu. Kafin azahar, wani Bayarabe mai shagon da muka fi shekara goma muna maƙwabtaka ya turo mana hoton labarin, yana tambaya ko gaskiya ne.

Wannan tambaya ta tuna mana da watan Mayun 2012. A Kaduna, marigayi Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya gaya wa 'yan jam'iyyar CPC da suka kai masa ziyara daga jihar Neja cewa idan abin da ya faru a zaɓen 2011 ya sake faruwa a 2015, to kare jini biri jini. Duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san wannan karin magana ne. Ana faɗarsa a fagen dambe, ana faɗarsa a kan ƙwallo, ana nufin karawar da kowa zai ji a jikinsa. Jaridun Turanci kuwa suka ɗauke ta kalma da kalma, sai ga kare da biri kwance cikin jini a shafin farko. Mun tuna yadda abokan cinikinmu a nan suka riƙa tambayarmu: su wane ne karen, su wane ne birin?

Ba wanke shi muke yi ba. Lokacin ko shekara biyu ba a yi ba da rikicin bayan zaɓen 2011 wanda ya ci rayuka masu yawa a Arewa, kuma mutum mai irin wannan magoya baya ya kamata ya auna harshensa. Amma mai karatu yana da haƙƙin a gaya masa cewa karin magana aka fassara masa. Yawancin waɗanda muka yi musu da su a lokacin ba wanda ya gaya musu haka.

Mu ma ba mu tsira ba. A Afrilun 2018, da Buhari ya yi magana a Landan kan matasan da ba su yi karatu ba suke jiran komai kyauta, kalmar "malalata" ba ta fito daga bakinsa ba. Maganar da ciwo, babu shakka, amma kalmar ta masu rubuta kanu ce. Nawa ne a cikinmu suka tura ta zaure-zauren WhatsApp ba tare da sun saurari jawabin ba?

Editan da ya murɗe kanu yana kwana lafiya a gidansa. Mu da muka ga yadda kasuwar Shasha ta ƙone a Fabrairun 2021 mun san ƙofar wa ake fara bugawa idan gari ya ɗau zafi.

Shi ya sa kwamiti ya yanke shawara: daga yau shugaba da sakatare ne kawai za su yi magana da 'yan jarida da sunan ƙungiya, za a naɗi kowace hira a waya, kuma za mu bayar da jawabinmu a rubuce cikin Hausa da Yarabanci da Turanci.

Allah ya taimake mu, wannan karon yaron da ya yi fassarar ya naɗi hirar. Da muka aika wa jaridar, bayan kwana uku suka sauya kanun shiru, babu neman afuwa. Maƙwabcinmu kuwa har shagonsa muka kai masa muryar, ya saurara, ya ce zai tura wa mutanensa. Jiya da daddare wani ya sake turo mana hoton tsohon kanun daga Legas.