Gadon Ƙasa

A gidanmu na Wunti, nesa kaɗan da kasuwa, na tashi na tarar da gadon ƙasa a ɗakin kakata. Ginin laka ne, an rarake cikinsa, an bar masa baki a gefe. Idan hunturu ya kankama, wato daga Disamba zuwa Janairu, sai a zuba garwashi a ramin bayan isha'i, laka ta sha zafi, ta yi ta sakinsa har asuba. Ni na sa aka rushe shi shekarar da na kama aiki, don a ganina ƙauyanci ne.

Inna ce ta gaji ɗakin, ga ta da sanyin ƙashi. Sai ta koma kwana da kaskon gawayi, ƙofa da taga a rufe. Wata asuba muka same ta jiri ya hana ta miƙewa. Gawayi na fitar da wata iska marar launi, marar wari, wadda kan kashe mai barci.

Abin da ya tuna mini daɓen da na taka a Ingila ke nan, mai ɗumi kamar an shanya shi a rana. Hikimar tsohuwa ce: Rumawa sun bi da zafin wuta ta ƙarƙashin daɓe, mutanen Koriya kuma suna da nasu, ondol. Na zamani waya ce saƙe jikin raga. Na yi saƙonta, na ce da hannuna zan shimfiɗa, ko na biya bashin gadon.

Na fara da allon da ke hana zafi nutsewa ƙasa, sa'an nan ragar, sa'an nan na'urar jin zafi tsakanin wayoyi biyu. Sharaɗin shi ne kada a yanke wayar, kada ta hau 'yar'uwarta, kuma a auna ta kafin a rufe da bayan an rufe. Awo na biyun na raina. Ashe cokalin gini ya ƙwarzane ta. Sai da muka ɓamɓare tayil bakwai, haɗin wutar kuwa na sallama wa mai sana'ar, na koma gefe da digirina.

Murabba'in mita 8 muka shimfiɗa, kowane na jan wat 150, wato wat 1,200 ke nan, mita na ta haɗiyar kuɗi. Daren farko Inna ta taka, ta yi shiru, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka." Ba ta kama sunana, ɗan fari ne ni.

Dare na uku aka ɗauke wuta tun magariba. Daɓen ya huce kafin sha biyu. Na leƙa na ga kasko ya dawo. Na tura taga na buɗe rabi, tana kallona.

"Malam," in ji ta, "maginin nan da ya yi wa kakarka gado, 'ya'yansa na nan kuwa?"