Daren Da Autarmu Ta Girma A Hanyar Potiskum

Labarin ƙanwata zan ba ku, wadda duk gidanmu ba mai kiranta da komai sai Auta.

Mu bakwai ne a wurin Umma, ita ce ta ƙarshe, kuma ta zo ne bayan an fid da rai. Don haka aka ɗauki son duniya aka ɗora mata. Auta ba ta kai niƙa, ba ta zuwa cefane, makaranta ma sai Yaya ya kai ta a babur ya ɗauko ta. Shekarunta 16 amma ba ta san kuɗin mota daga unguwarmu zuwa Kasuwar Kurmi ba. In baƙo ya yi sallama sai ta ruga ɗaki. Ni kaina ina cikin masu laifi, don da an aike ta ni ce mai cewa, "Umma ki bar ta, ni zan je."

Aure ya kai ni Maiduguri. A watan Agusta na 1994 Allah Ya sauke ni lafiya, haihuwar fari. Lokacin kuwa ƙasa a rikice take. Tun watan Yuli ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a kan soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, mai ya yi ɓatan dabo, 'yan bumburutu suna cin karensu babu babbaka. Shi ya sa ba a kai ni gida wanka ba. Sai aka yanke shawara Gwaggo, yayar Abba, ta zo ta zauna da ni, Auta ta rako ta tunda ana hutu.

Da hantsi Abba ya sa su a Fijo, ya damƙa wa Gwaggo kuɗi, ya ce wa direba amana ce. Tafiya ce ta fiye da kilomita 500. Suka wuce Wudil, suka wuce Jama'are da Azare lafiya. Da la'asar sakaliya, kafin a kai Potiskum, mota ta fara shaƙewa, ta mutu. Ashe man da direba ya saya a bakin titi an gauraya shi da kalanzir. Ya ɗauki jarka ya hau wata babbar mota ya ce yanzu zai dawo. Har magariba shiru.

Fasinjoji suka riƙa samun mota ɗaya bayan ɗaya suna tafiya. Hadari ya haɗo, aka fara yayyafi. Gwaggo dama tana da hawan jini, jiri ya kwashe ta, ta kwanta a kujerar baya ko magana ba ta iya yi sosai. Auta ta ce min ta yi kuka har ta gode Allah, tana ta kiran Umma, ga daji, ga duhu.

Can sai wata mota mai kyau ta tsaya. Mai motar ya leƙo ya ce, "'Yan mata, shigo in kai ki Potiskum ki samo wa tsohuwar mota." Wallahi har ta ɗora hannu a kan ƙofa. Sai ta waiwaya ta ce, "Da Gwaggota za mu tafi?" Ya ce a'a, ita kaɗai, ai yanzu za su dawo. Ta dubi bayan motar ta ga ba kowa a ciki. Ta janye hannunta ta ce, "Na gode Alhaji, Allah Ya kiyaye hanya."

Daga nan ta share hawaye. Ta hangi wata mata da ƙwaryar nono za ta shiga ƙauyen da ke gefen titi, ta bi ta da gudu. "Inna, don girman Allah ina gidan mai gari?" Yarinyar da ba ta iya gaida baƙo ba, ita ce ta durƙusa a ƙofar zaure ta yi bayani tiryan-tiryan. Mai gari ya sa aka ɗauko Gwaggo a amalanke, aka sauke su ɗakin uwargidansa. Auta ta kwance haɓar zanen Gwaggo ta samo maganinta, ta roƙi kunu ta ba ta. Sannan ta zauna gaban fitilar ƙwai ta ƙirga kuɗin da suka rage, karo na farko a rayuwarta da ta yi lissafin abin da zai kai ta wani wuri.

Da safe mai gari ya tsayar musu da bas zuwa Potiskum. A tasha ɗan kamasho ya ga baƙuwa ya tsuga mata kuɗi. Ba ta yi musu da shi ba, sai ta je ta tambayi wata mata da ke cikin motar nawa ta biya, ta dawo ta miƙa masa daidai wannan. Suka wuce Damaturu, suka iso Maiduguri. Takardar adireshin da Abba ya rubuta ruwa ya jiƙe ta, ba a iya karantawa. Amma Auta ce mai karanta wa Umma wasiƙuna, don haka ta haddace sunan unguwarmu, Gwange, da kwatancen gidan.

Mu kuwa a nan ba wanda ya runtsa. Babu wayar hannu ta GSM a lokacin, sai a 2001 ta shigo. Maigidana ya kwana a tasha yana tambayar direbobi, Abba yana ta bugo tarho ofishinsu, Umma ko ruwa ta kasa sha. Ni da ɗanyen jego ina ta saƙe-saƙe, ina cewa in wani abu ya same su saboda ni ne.

Bayan la'asar na ji muryarta a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Auta, zane duk taɓo, jaka a ka, hannu ɗaya riƙe da Gwaggo, tana ce wa mai tasi, "Malam, canjina fa?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba.

Har yau in na tuna hannunta a kan ƙofar motar nan sai gabana ya faɗi. Allah ne Ya tsare, amma mu ba mu koya mata komai ba, muna ganin gata muke yi mata. Da ta koma Kano ta roƙi Abba ya bar ta ta riƙa zuwa makaranta da ƙawayenta. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, je ki." Daga baya ta karanta aikin ungozoma.

'Yar uwa, in za ki yi tafiya ki haddace inda za ki, ki ƙulle kuɗinki daban, in kin rasa hanya ki nemi mace ki tambaya, kada ki shiga motar da aka ce sai ke kaɗai. Ku kuma yayye irina, ku bar ƙannenku su je aike. Allah Ya tsare mana mutuncinmu, amin.