Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Akwai wani dattijo mutumin ƙasar Sakkwato a birnin Anacha, wanda ya shekara hamsin da 'yan kai yana sayar da albasa da busasshen barkono a wata unguwa da ke gangare wajen Kogin Kwara. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya hau bayan motar kaya tare da kawunsa a cikin 1974, suka tsallaka tsohuwar gadar nan da aka gama a 1965, aka kuma gyara ta bayan yaƙin basasa. A nan ya yi aure, a nan ya aurar da 'ya'yansa, a nan kuma ya tara kuɗin da ya sauke farali. Amma duk da haka shago da gidan da yake ciki na haya ne, kuma bai taɓa daina kiran kansa baƙo ba.

Wata rana da hantsi a tsakiyar rani, sai ga ma'aikatan safiyo sun sauka a bakin titin unguwar da na'urarsu mai ƙafa uku. Kafin azahar sun shafa jan fenti a bangon shaguna fiye da ashirin, har da nasa, da gindin wani tsohon mangwaro inda 'yan dako suke hutawa. Labari ya bazu cewa za a faɗaɗa titin, a ɗaga shi sama, a yi masa manyan lambatu. Alhaji bai ce uffan ba. Ya dubi fentin, ya koma kan buhunsa ya zauna, ya ce da yaransa abin da hukuma ta nufa babu mai hana ta.

Wannan shiru nasa yana da dalili. A rikicin watan Fabrairu na 1996 da goma, watau 2006, yana cikin waɗanda suka tsallaka gada zuwa Asaba da rigar wuyansu kawai. Da ƙura ta lafa ya dawo, ya tarar mai gidansa, wani dattijo Ibo, ya sa wa shagon kwaɗo biyu, ya ajiye masa makulli. Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa cewa zaman lafiyar baƙo shi ne ya biya haya a kan kari, ya gai da kowa, ya kuma kame bakinsa daga duk abin da ya shafi hukuma.

Bayan mako biyu sai wasu suka zo, ba da fenti ba, da takardun tambayoyi. A cikinsu akwai wani saurayi mutumin Zariya da aka ɗauko domin ya yi tafinta. Rabin unguwar suka sulale, don sun zaci masu karɓar haraji ne. Saurayin ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya ce, "Baba, ba kuɗi muka zo karɓa ba. Doka ce ta ce kafin a sa diga a ƙasa, sai an bincika abin da aikin zai jawo wa ruwa da iska da ƙasa da mutanen da ke zaune a wurin."

Alhaji ya ce, "Samari, yaushe kuma aka fara tambayar talaka kafin a yi hanya?"

Tambayar tana da amsa, kuma ya kamata kowane mai nema a bakin titi ya san ta. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a tsohuwar Jihar Bendel. Abin ya girgiza ƙasa, har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a ƙarshen shekarar. A 1992 kuma aka kafa Doka ta 86, wadda ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli tun kafin a fara su, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa. Amurka ce ta fara irin wannan doka a farkon 1970, ƙasashe da yawa suka bi sahu. Yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wadda aka kafa a 1999, ita ce ke duba rahoton. Kafin ta sa hannu kuwa, ana ba da sanarwa a jarida da rediyo, a ajiye rahoton a wuraren da jama'a za su iya gani, har da sakatariyar ƙaramar hukuma, tsawon ranakun aiki 21, domin duk mai ƙorafi ya rubuta.

Da saurayin ya gama bayani, Alhaji ya miƙe ya ce ya biyo shi. Ya kai shi bayan ɗan masallacin unguwar, ya nuna masa zane biyu da aka yi da ƙusa a jikin bango. Na ƙasa, in ji shi, nan ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012. Na sama kuwa na 2022 ne, shekarar da kogi ya shanye ƙauyukan Ogbaru. Sa'an nan ya nuna masa wani kwari a ƙarshen layin, busasshe ƙayau, cike da leda da ɓawon albasa. Ya ce, "Kun zo da rani, kun ga ƙura. Ka dawo a watan Satumba ka gani. Duk ruwan da ya sauko daga tudu ta nan yake bi ya faɗa kogi. In kun ɗaga titi kun bar masa ƙaramar kafa, to, ba hanya kuka gina ba, madatsar ruwa kuka gina, mu kuma muna cikinta."

Abin da dattijon nan ya faɗa a tsaye, shi ne abin da injiniyoyi suke kwana suna lissafi a kansa. Ruwan da ake yi a Anacha a shekara ya kusa ninka na Sakkwato sau uku. Ƙasar da aka shafe da kwalta da siminti ba ta shan ruwa, sai dai ta tura shi gaba da gudu. Idan kwalbati ya yi kaɗan, ruwa ya koma baya ya shiga ɗakunan mutane, ya cika masai, masai ya malala cikin rijiya, daga nan sai amai da gudawa. Idan kuma lambatu ya yi girma amma aka sake shi a gefen tudu ba a kai shi har rafi ba, sai ya fara cin ƙasa. Direbobin da ke kawo wa Alhaji albasa sun san haka sarai, domin sun sha ganin ramukan zaizayar ƙasa a hanyar Inugu zuwa Anacha, musamman wajen Ugwu Onyeama. Ɓarnar zaizaya a wannan yanki ta kai har a 2012 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin yaƙi da ita, kuma masana sun daɗe suna cewa lambatun da aka yanke a rabin hanya yana cikin manyan masu haddasa ta. Abin da za a tsare da 'yan buhunan siminti tun ranar gini, shi ake zuwa a kashe wa miliyoyi daga baya.

Bayan ruwa akwai iska. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga wadda ta sa Anacha a kan gaba a duniya wajen yawan ƙura a iska, kusan ninki talatin na abin da hukumar ta ɗauka daidai ne a lokacin. Wanda ke wuni a bakin titi shi ke shaƙar kaso mafi tsoka. Titi mai kyau yana rage cunkoso da hayaƙin motocin da ke tsaye, wannan gaskiya ne. Amma watannin da za a yi ana tono da zuba jar ƙasa, wa zai riƙa yayyafa ruwa? Ta ina za a karkatar da manyan motoci? Ramin da za a ɗebi ƙasa, za a cike shi ko za a bar shi ya zama kududdufin sauro? In an gama, motoci suka samu sarari suna sheƙa gudu, ta ina yara za su tsallaka zuwa makarantar allo? Duk waɗannan tambayoyi aikin binciken ne ya amsa su.

Daren nan Alhaji ya buga waya ga ɗan ƙanensa da ke sayar da shayi a Fatakwal. Tsakanin 2019 da 2023 Gwamnatin Jihar Ribas ta gina gadojin sama 12 a birnin, a watan Yuli na 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar zobe mai tsawon kimanin kilomita 50. Yaron ya ce shi bai ƙi aikin ba, don inda a da ake shafe awa guda a cunkoso yanzu minti kaɗan ne. Sai dai sau uku yana ɗauke teburinsa, kowane ƙaura kuma sai ya rasa masu sayensa ya fara daga farko. Alhaji ya tambaye shi ko an taɓa rubuta sunansa. Ya yi shiru, kana ya ce, "Baba, gaskiya an taɓa zuwa da takardu, ni ne na ɓuya."

Maganar nan ta hana dattijon barci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, in an karɓi fili domin amfanin jama'a kuwa, diyyar gini da shuka takan tafi ga mai wurin. Ɗan haya da mai rumfa da mai tebur ba su da takarda. Amma ƙa'idar Bankin Duniya, a ayyukan da ya sa kuɗinsa, ta ce ko wanda ba shi da takarda a taimaka masa ya koma wani wuri ya tsai da sana'arsa, muddin an same shi a ranar ƙidaya. Watau wanda ya ɓuya ranar ƙidaya ya share sunansa da hannunsa.

Ya kuma tuna da hirar da wansa na Garikin Inugu yake yawan yi, ta Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, wanda mutanen Inugu suka zaɓa ya zama Magajin Garinsu na farko a shekarun 1950. Shi ma baƙo ne. Bambancinsa da sauran baƙi shi ne ya shiga taro ya yi magana.

Da aka ba da sanarwar an ajiye rahoton, Alhaji ya sa babbar riga, ya ɗauki jikansa da ya gama sakandare, suka tafi sakatariya. Aka miƙo musu littafi mai kauri kamar bulo, da Turanci tsantsa. Yaron ya wuni yana karantawa yana fassarawa. An ƙidaya itatuwan da za a sare, har da mangwaron 'yan dako. An auna ƙarar motoci, an ɗebi ruwan rijiya an gwada. Aiki ne na masu ilmi, ba wasa ba. Amma shaguna da rumfunan layinsu an tara su a jimla guda, an kira su gine-ginen wucin gadi. Kwarin nan kuma an rubuta shi a matsayin busasshiyar kwata. Jikan ya yi dariya ya ce, "Tsoho, ashe shekara hamsin ɗin taka wucin gadi ce." Alhaji bai yi dariya ba.

Daga sakatariya gidan mai gidansa ya zarce. Dattijon Ibo ya saurare shi har ƙarshe, ya ce shi za a biya shi kuɗin bangonsa, amma ɗakin da yake kwana yana bayan shagon, ruwa kuwa in ya zo ba ya tambayar ƙabila. Suka haɗu da Sarkin Hausawan unguwar da shugaban masu gidaje, aka rubuta takarda guda. Ba su ce kada a yi hanya ba. Abu huɗu suka roƙa: a sāke auna kwarin bisa ruwan damina, a rubuta sunan kowane ɗan haya da mai rumfa, a keɓe wurin sauke kaya da wurin tsallakawar yara, a kuma dasa itatuwa a madadin waɗanda za a sare. Mutum sittin da wani abu suka sa hannu, wasu da biro, wasu da ajami, wasu da babban yatsa. Aka kai ta saura kwana uku wa'adi ya cika.

A taron da aka kira daga baya, wani injiniya ya tashi ya ce ya ji kokensu, amma su ma su ji nasa. Ko kwalbatin da giwa za ta shige aka gina musu, in za su ci gaba da juye ruɓaɓɓiyar albasa da leda a ciki, damina biyu ta isa ta toshe shi. Wuri ya yi tsit. Alhaji ya miƙe a gaban jama'a, karo na farko a zamansa na garin, ya ce wannan magana gaskiya ce, laifinsu ne, kuma daga Asabar mai zuwa za su fara yashe kwatar da kansu. Da harshen Ibo ya faɗa, ba da tafinta ba.

Har yanzu katafila ba ta iso ba, jan fentin yana nan a bango, rana tana cinsa. Ba a aiko musu da amsa a rubuce ba, kuma babu wanda ya yi musu alkawarin za a ba su duk abin da suka roƙa. Abin da aka gani kawai shi ne, da ruwa ya sauka, saurayin nan na Zariya ya dawo tare da injiniyan, suka tsaya a bakin kwarin da lema suna kallon yadda yake tumbatsa. Kafin su tafi suka zaga bayan masallaci, suka ɗora ma'auni a kan zanen nan biyu, suka rubuta a littafi.

Hanya alheri ce, babu mai musun haka, kuma mutanen Arewa mazauna Kudu, da abincinsu ke tafe a kan taya, sun fi kowa sanin darajarta. Sabuwar gadar Kwara mai tsawon kilomita 1.6, wadda aka buɗe ranar 23 ga Mayu, 2023, ta rage wa direbobinsu wahalar da suka shekara suna sha. Amma mai awo yana zuwa ne kwana biyu ya tafi, mazaunin wuri kuwa shi ya ga damina hamsin. In ya ɓuya, za a rubuta littafin ba da shi ba, ruwa kuma ba zai ɓata hanyar ɗakinsa ba. Allah ya ba shugabanni kunnen saurare, ya ba talakawa bakin faɗar gaskiya a kan lokaci, amin.